Ku Bar wa Tsohon Takobi Tsatsarsa

Kwanan baya wani abokina mazaunin Amurka ya turo mini hoton takobin Japan da ya gada daga surukinsa, wanda ya dawo da shi bayan Yaƙin Duniya na Biyu. Da murnarsa ya ce ya zare ƙotar, ya goge baƙar tsatsar da ke gindin ƙarfen har ya yi fari tas. Raina ya ɓaci ƙwarai, domin gyaran gangar Auzinawa ya yi.

Wannan gindin da ke ɓoye cikin ƙota, wanda Japanawa ke kira nakago, shi ne takardar haihuwar takobi. Masani yana duba launin tsatsar, da sawun magagarin maƙeri, da yawan hudojin da aka yi wa ƙarfen, ya ƙiyasta ƙarnin da aka ƙera shi. Tsatsar shekara 700 baƙa ce, ta kwanta lumui, kuma shekaru ne kaɗai ke yin ta.

Abin da ke damuna da masu tara takubba na yanzu shi ne kwaɗayin suna. Suna so su ga an sassaƙa sunan babban maƙeri, alhali sa hannun jabu, gimei a bakin Japanawa, ya daɗe a wannan kasuwa. Ɗauki Masamune, maƙerin lardin Sagami da ya rayu wajen ƙarshen zamanin Kamakura, wanda ya ƙare a 1333. Yawancin dogayen takubban da ake jingina masa babu sunansa a jiki. An ƙera su da tsawo domin mahaya doki, daga baya aka datse su ta gindi don a soke su a ɗamara, sunan ya tafi tare da guntun da aka yanke. To da me ake gane su? Da lanƙwasar takobin, da zanen da ninke ƙarfe ya bari, da kuma hamon, farin layin nan mai kama da gajimare da ke bin kaifi, wanda ke fitowa idan aka shafe ƙarfen da yumɓu aka tsoma shi cikin ruwa yana ja wur. Zuriyar Honami ta yi ƙarnoni tana wannan karatu tana ba da takardar shaida. Yau ƙungiyar NBTHK, da aka kafa a 1948, ita ke bayarwa, daga matakin Hozon har zuwa Tokubetsu Juyo.

A 2020 birnin Setouchi ya sayi takobin Sanchomo a kan yen miliyan 500, da gudummawar jama'a, don ya koma ƙasar Bizen inda aka ƙera shi. Babu sa hannun kowa a gindinsa. Aikin ne ya faɗa wa masana cewa na maƙeran Ichimonji ne, kuma a ganina wannan ne cinikin da ya dace a yi koyi da shi.

Na ce wa abokina kada ya sake taɓa ruwan takobin da yatsa, ya shafa masa ɗan mai mai ƙamshin kanumfari irin wanda Japanawa ke amfani da shi, ya mayar kube. In har za a wasa shi, sai gwanin da ya yi wajen shekara goma yana koyon wasawa a gaban ubangida, domin kowane wasawa ƙarfe yake ci. Ya tambaye ni ko tsatsar za ta dawo. Na ce masa za ta dawo, amma ko jikokinsa ba za su ga irin wadda ya goge ba.