Ba kowane ciwon ciki ba ne olsa: Darasi daga maganin Sin ga manoman Kura

A Kura da Bunkure, da zarar ciki ya murɗa sai a ce olsa ce. Amma akwai masu fama da kumburin ciki, yau gudawa gobe bahaya ya ƙi fita, kuma gwaji bai nuna gyambo ba. Likitoci na kiran wannan larura IBS, kuma takan tsananta idan damuwa ta yi yawa, kamar lokacin da tumatir ya faɗi warwas ga bashin taki a wuya.

Bahaushe ya daɗe da sanin haka, shi ya sa yake cewa mai fargaba cikinsa ya ɗuri ruwa, ko hantarsa ta kaɗa. Masu maganin gargajiya na ƙasar Sin ma hanta suke ɗora wa laifi, suna cewa ɓacin rai kan sa ta danne aikin narkar da abinci. Suna ba da wani haɗi mai suna Tong Xie Yao Fang, na tsirrai huɗu, ciki har da busasshen ɓawon lemo.

Kimiyya ta tabbatar da wannan alaƙa. Jijiyar da ake kira vagus na kai saƙo tsakanin hanji da ƙwaƙwalwa, kuma kusan kashi 90 cikin 100 na sinadarin serotonin a hanji ake samar da shi.

Sai dai ingancin maganin kansa da sauran rina a kaba. Gwajin da aka wallafa a 1998 daga Ostareliya ya nuna an samu sauƙi, amma na Hong Kong a 2006 bai ga ya fi maganin bogi ba. A Beljiyam kuwa, a farkon shekarun 1990, wani tsiron Sin da aka sa a maganin rage ƙiba ya lalata ƙodar mata da dama.

Saboda haka shayin Sin da ake talla a tasha ba abin dogaro ba ne. Manomin da ke wuni cikin ruwan Kadawa ya fara zuwa asibiti a gwada bahayansa, domin tsutsar ciki da tsargiya na kawo irin waɗannan alamu. Jini a bahaya ko rama ba gaira ba dalili ba sa jiran gobe.

Idan gwaji ya fito lafiya, kada a ce masa raki ne. Ma'aikatan lafiya su tambaye shi barcinsa da abin da ke damun zuciyarsa, don a nan magani ke farawa.