Kwangilar Jigilar Alhazai: Kura Da Shan Bugu, Gardi Da Karɓar Kuɗi

A garin Sahon Rami, cikin ƙasar Kontagora, manomi yakan yi shekara biyar ko fiye yana tara kuɗin aikin Hajji. Ya sayar da masara da dawa, ya kai bijimi kasuwa, ɗansa da ke neman abinci a Agege ko Sabon Badun ya aiko da nasa gudummawar. Ranar da kuɗi suka cika, sai a kai wa jami'in alhazai, a karɓi rasit. Daga nan kuma shi ke nan. Wanda ya biya ba ya da ta cewa a kan jirgin da zai ɗauke shi, ko masaukin da zai kwana, ko mai dafa masa abinci. Waɗansu ne a Abuja za su raba kwangilar, kuma in rigima ta tashi a tsakaninsu, shi ne zai kwana a sansani.

Wannan ba sabon abu ba ne. Tun 1975 Gwamnatin Tarayya ta kafa hukumar alhazai ta ƙasa, a zamanin da jiragen Nigeria Airways ke jigila. Kamfanin nan ya rushe a 2003, aiki ya koma hannun 'yan kasuwa. A 2006 aka yi dokar da ta kafa hukumar NAHCON, wadda ke tantance kamfanoni ta raba musu jihohi. Gwamnatin Saudiyya kuma takan tsaya a kan sai an ba kamfaninta nasa kason, shi ya sa ake ganin jiragen Flynas a filayen Nijeriya.

A dubi abin da ya faru a 1443, wato 2022. Kamfanoni uku aka ba aikin: Max Air da Azman da Flynas. Hukumar alhazan Jihar Kano ta yi kuka, ta nemi a sauya mata Azman, aka yi ta ja-in-ja har lokaci ya ƙure. Da aka rufe filin Jidda, maniyyata wajen 1,500 na nan gida, kusan rabinsu Kanawa. Alhali kuwa kujerun Nijeriya a shekarar ba su wuce 43,000 da 'yan kai ba. NAHCON ta ba da haƙuri. To, amma haƙuri ba ya mayar wa tsoho ɗan saba'in shekarar da ta wuce.

A 2023 yaƙi ya ɓarke a Sudan, aka rufe sararin samaniyarta, hanyar Makka ta ƙara tsawo. Kamfanonin gida huɗu suka ƙi sa hannu a kan yarjejeniya, sai da aka amince da ƙarin dala 250 a kan kowace kujera. A 2024 kuma, bayan mutane sun gama biya, aka ce kowa ya ciko kusan naira miliyan 2 saboda faɗuwar naira. Gwamnati ta ba da tallafin naira biliyan 90, sai ga hukumar EFCC tana binciken yadda aka kashe shi, aka kuma sauke shugaban hukumar, Jalal Arabi, a watan Agusta. A farkon 2025 shugabannin hukumomin alhazai na jihohi suka sake kai ruwa rana da NAHCON a kan kamfanin Saudiyya da zai kula da tantuna da abinci a Mina da Arfa. A shekarar ta 2025 kujera ta haura naira miliyan 8.

Gwamnan Jihar Neja, Umaru Bago, ya fito fili a 2024 ya soki yadda aka kula da alhazai, ya ce kamata ya yi NAHCON ta tsaya ga sa ido, ta bar wa jihohi aikin. Akwai ƙamshin gaskiya a maganarsa, domin ba ya yiwuwa mutum ɗaya ya zama shi ne mai ba da kwangila, shi ne kuma alƙali in an saɓa alkawari. Amma fa in ɓera na da sata, daddawa ma na da wari. Jihohi da yawa kan makara wajen aika kuɗi, kuma raba kujeru ga 'yan siyasa ba a Abuja kaɗai ake yinsa ba. In aka ɗauke kwangila daga ɗaki mai duhu a Abuja aka kai ta wani ɗaki mai duhu a Minna, mutumin Sahon Rami bai ƙaru da komai ba. Su ma kamfanoni suna da nasu kukan: da dala suke sayen mai da hayar jirgi, kuma sukan daɗe suna bin bashi.

Abin lura shi ne, kuɗin nan ba na gwamnati ba ne. Guminsu alhaji ne, amana ce aka ba hukuma. Saboda haka haƙƙinsa ne ya san abin da aka ƙulla da sunansa. Dokar ba da kwangila ta 2007 ta riga ta ce a tallata aiki, a buɗe takardun masu nema a gaban jama'a. Sai a bi ta sosai. A faɗa ta rediyo, da Hausa, kamfanin da ya ci, da farashinsa, da yawan jiragen da yake da su a hannu, ba waɗanda yake fatan haya ba. A rubuta tarar da zai biya a kan kowace rana da ya bar mutane a sansani, tarar kuma ta shiga aljihun alhajin. Kamfanin da ya bar mutum har aka rufe Jidda, kada a ba shi aiki baɗi. Sannan a gama duk wannan tun kafin azumi, don ba a fafe gora ranar tafiya.

'Yan Arewa mazauna Ikko da Badun da Shagamu da Fatakwal, su ne ke biya wa iyaye da yawa kujera. Sarakunan Hausawa da ƙungiyoyin 'yan kasuwar shanu da na gwari suna da bakin da za a ji. Kafin su aika da kuɗi bana, su tambayi hukumar jiharsu wane ne zai ɗauki tsoho, kuma wane ne zai biya in ba a ɗauke shi ba. Allah ya sa a gyara.