Hauni ba makashi ba ne

Akwai kalmar da muke jefa wa duk wani mara imani a kwanakin nan. Ɗan bindiga ya harbe manomi a gonarsa, sai ka ji a teburin mai shayi an ce ai hauni ne. Wannan suna ya fi ƙarfin ɗan ta'adda, kuma ba shi ya cancance shi ba.

A fadojin ƙasar Hausa, har da ta Zazzau wadda Ikara da Makarfi da Kudan ke ƙarƙashinta, hauni mai muƙami ne cikin bayin sarki, aikinsa zartar da hukuncin kisa da takobi. Ba ya zare takobin nan don fushi. Sai alƙali ya zauna, shaidu sun yi magana, wanda ake tuhuma ya kare kansa, sarki ya amince. A shari'ar ƙisasi ma, in dangin mamaci suka yafe ko suka karɓi diyya, takobi ya koma kube ke nan. Hauni shi ne na ƙarshe a layi, bayan kowa ya sauke nauyin da ke kansa. Mutane na tsoronsa, amma sun san ba da ra'ayin kansa yake aiki ba.

Bayan Turawa sun ci Zazzau a 1902, hukuncin kisa ya koma sai Gwamna ya tabbatar, daga baya igiya ta maye gurbin takobi. Yau haunin ma'aikaci ne a gidan yari, ba a san fuskarsa ba, kuma ba ya motsi sai gwamnan jiha ya sa hannu. A ranar 3 ga Janairu 2002 aka rataye Sani Yakubu Rodi a gidan yarin Kaduna, bayan kotun Shari'a a Katsina ta same shi da laifin kashe wata mata da 'ya'yanta biyu. A jihar Edo an rataye mutum 4 a 2013, an ƙara 3 a 2016. Daga nan shiru. Fursunoni fiye da 3,000 ne ke jiran hukuncin kisa a Nijeriya, wasu sun tsufa a ɗaki guda. A 2020 Gwamnan Kaduna na lokacin, Nasiru El-Rufa'i, ya sa hannu a dokar kisa ga mai yi wa yaro ko yarinya 'yan ƙasa da shekara 14 fyaɗe. A 2022 babbar kotun Kano ta yanke wa Abdulmalik Tanko hukuncin rataya kan kisan wata yarinya mai suna Hanifa. Dokoki suna nan, hukunce-hukunce suna nan, alƙalamin gwamna ne ya ƙafe.

Abin da ya fi damuna shi ne wanda ya cike gurbin. Wani ya ƙwalla "ɓarawo!" a tsakiyar kasuwa, kafin kiftawar ido an kewaye yaro. Wannan ya ɗauko gora, wancan ya mirgino taya, wani ya zuƙo fetur daga tankin babur, sauran sun ɗaga wayoyi suna ɗauka. Ba wanda ya tambayi me ya sata, ba wanda ya san sunansa. Haka aka yi wa mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo a Maris 2025, suna hanyar komawa Kano yin Sallah. Mun yi kuka, kuma da gaskiyarmu. Sai dai a garuruwanmu na Arewa ma ana yin irin wannan, mu kau da kai. Wanda ya kunna ashana a kan ɗan Adam ba tare da alƙali ba, makashi ne, kuma sai ya amsa a gaban Allah.

Gwamnoni su daina ɓuya. Wanda ɗaukaka ƙararsa ta ƙare, hujja ta tabbata, a zartar. Wanda ake da shakka a kansa, tsarin mulki ya ba su ikon mayar da hukuncin ɗaurin rai da rai. Ajiye mutum shekara da shekaru yana kasa kunne ga takun mai gadi zalunci ne, gare shi da kuma dangin wanda aka kashe.

Mu kuma na garin Malikanchi da kewaye, limamai su faɗa a huɗuba, masu unguwanni su ja kunnen 'yan sintiri da matasa. In kun kama mai laifi, ku riƙe shi da ransa, ku miƙa shi ga hukuma.