Sharhi: Wa ke biyan kuɗin gwajin masu aikin murya?

Muryar da ke tallar magani a rediyo da wadda ke magana a bakin ɗan katun da wadda ke cewa a danna lamba ɗaya idan an kira banki, duk na wasu mutane ne da ke cin abinci da maƙogwaronsu. A Amurka da Birtaniya da Kanada wannan sana'a ce mai zaman kanta, tana da wakilai da ƙungiyoyin ƙwadago da farashi sananne.

To sai dai akwai wani ɓangare na aikin da ba a saka shi a lissafi, wato gwajin da mai murya zai yi kafin a ɗauke shi. Wannan gwaji kyauta ake yin sa, kuma ga mafi yawan masu sana'ar shi ne ke cinye rabo mafi tsoka na lokacinsu. An daɗe ana gunaguni a kai, amma zuwan ƙirƙirarriyar basira mai iya kwaikwayon muryar mutum ya sa batun ya kai ga zauren kotu da teburin sulhun yajin aiki.

A da, idan kamfanin talla na neman murya sai ya tuntuɓi wakilan 'yan wasa. Wakili ya kira mutanensa su zo ofishinsa, su shiga ɗakin naɗar sauti su karanta 'yan layuka, akwai mai kula da na'ura, akwai mai gyara masu karatu. Mai murya ba ya kashe komai sai kuɗin mota da lokacinsa, kuma waɗanda yake takara da su ba su da yawa.

Intanet ce ta sauya wannan tsari tun farkon shekarun 2000, lokacin da aka kafa shafuka irin su Voice123 da Voices.com, wanda ke da mazauni a birnin London na lardin Ontario a Kanada. Yanzu mai neman murya kan liƙa rubutunsa a shafi, masu murya daga ko'ina su naɗa a gidajensu su aiko. Annobar korona ta 2020 ta ƙarasa abin da ya rage, har 'yan wasan fim ma suka koma ɗaukar kansu da kansu a ɗakunan kwanansu.

Abin da ba a cika faɗa ba shi ne cewa kuɗin da wakili da kamfani ke kashewa a da bai ɓace ba, komawa ya yi kan mai murya. Shi zai sayi makirufo da kwamfuta, ya toshe ɗaki don kada ƙarar titi ta shigo, ya naɗa, ya tace, ya aika. Ya zama mai karatu kuma injiniya kuma darakta a lokaci guda, ba tare da an biya ko ɗaya daga cikin ukun ba. Bugu da ƙari, a irin waɗancan shafuka sai mutum ya biya kuɗin zama mamba, ɗaruruwan daloli a shekara, kafin gayyatar gwaji ta riƙa zuwar masa yadda ya kamata. Wato dai yana biya ne domin a ba shi damar yin aikin da ba za a biya shi ba.

Jihar California ta kafa wata doka a 2009 wadda ta haramta karɓar kuɗi daga hannun ɗan wasa don a ba shi damar gwaji. Shafukan kuwa suna bayyana kuɗin da suke karɓa a matsayin na rajista da tallata masu murya ga kasuwa.

Hujjar masu ba da aiki

Masu ba da aikin suna da abin cewa, kuma ba za a yi watsi da shi ba. A ganinsu babu sana'ar da ba a neman ciniki kyauta a cikinta: ɗan kwangila na rubuta takardar neman aiki ba a biya shi, mai shago na sauke atamfa goma mai saye ya tafi bai ɗauki ko ɗaya ba. Suna kuma cewa sabon tsarin ya buɗe ƙofa ga wanda ke zaune nesa da Los Angeles ko New York ko Landan, wanda a da ko ƙofar wakili ba zai gani ba. Wannan gaskiya ne.

Amma kwatancen yana da rauni a wuri guda. Mai shago yana mayar da atamfarsa kan kanta ya sayar wa wani gobe. Mai murya kuwa, idan aka ba shi rubutun tallar wani kamfani ya karanta daga farko har ƙarshe da sunan kamfanin a ciki, abin da ya aika ba samfuri ba ne, kayan ne gaba ɗaya, kuma ba su da amfani ga kowa sai wanda ya nema. Daidai yake da a ce wa tela ya ɗinka riga da awon mutum, in ta yi masa ya biya, in ba ta yi ba ya tafi da ita duk da haka.

Daga nan ne ƙorafi mafi zafi ke tasowa. Kamfanin talla na iya ɗora muryar gwaji a kan hoton da zai nuna wa mai kaya domin ya ci kwangila, ko ya yi amfani da ita a matsayin ta wucin gadi yayin tace fim, mai muryar bai ma sani ba. Shi ya sa wasu ke saka wani ɗan ƙara a cikin abin da suka naɗa, ko su sauya sunan kamfanin da gangan, ko su karanta rabi su tsaya. Dabarar tana da nata haɗarin, don mai zaɓe da ke da muryoyi da dama a gabansa ba ya jin daɗin a nuna masa ba a amince da shi ba, sai ya wuce zuwa ta gaba.

Ƙungiyar 'yan wasa ta Amurka, SAG-AFTRA, mai mambobi kimanin dubu 160, ta daɗe da shata iyaka a yarjejeniyarta ta tallace-tallace. Gwajin farko da na biyu ba a biya matuƙar ba a riƙe mutum fiye da sa'a guda ba, daga na uku kuma sai an biya, haka nan tallar da aka naɗa don nuna wa mai kaya kawai tana da nata farashi. An dai tsara waɗannan ƙa'idoji ne a zamanin da ake zuwa ofis a sa hannu a takarda da lokacin shiga da na fita. Wanda ya kwana yana maimaita karatu a gidansa babu mai riƙe masa agogo.

Murya ta zama abincin na'ura

Tun kafin a fara maganar ƙirƙirarriyar basira an ga alamar abin da ke tafe. A watan Yulin 2005 wata mai aikin murya a Atlanta, Susan Bennett, ta shafe wata guda tana karanta jimloli marasa kan gado ga kamfanin ScanSoft, aka biya ta kuɗin sa'o'inta. A 2011 sai ta ji muryarta a cikin wayar iPhone da sunan Siri, kamar yadda ta bayyana a 2013, ko da yake kamfanin Apple bai taɓa tabbatar da hakan ba.

Ita ma Bev Standing, 'yar Kanada, ta kai TikTok ƙara a 2021, tana cewa jimloli kusan dubu 10 da ta karanta wa wata cibiyar bincike ta China don aikin fassara su ne aka mayar muryar da ke karanta rubutu a manhajar. An sasanta a wajen kotu a cikin shekarar.

Shari'ar da ta fi kusa da batun gwaji ita ce wadda Paul Lehrman da Linnea Sage suka shigar a New York a watan Mayun 2024 a kan kamfanin Lovo na California. A cewar takardar ƙararsu, an neme su ne ta shafin Fiverr. An biya Sage dala 400 a 2019 bisa cewa rubutun gwajin tallar rediyo ne da ba zai fita waje ba, an biya Lehrman dala 1,200 a 2020 bisa cewa bincike za a yi. Sun ce a 2023 suna cikin mota suna sauraron wani shiri kan barazanar da na'ura ke yi wa 'yan wasa, sai suka ji na'urar da ake hira da ita tana magana da muryar Lehrman. Kamfanin ya nemi a kori ƙarar. A watan Yulin 2025 alƙali ya yi watsi da mafi yawan abin da ya shafi dokokin tarayya na haƙƙin mallaka da tambarin kasuwanci, amma ya bar batun saɓa yarjejeniya da na amfani da muryar mutum ba izini a ƙarƙashin dokar jihar New York.

Waɗannan mutane duk an biya su wani abu. Abin tambaya a nan shi ne, ina makomar dubban muryoyin gwaji da ke jibge a rumbunan shafuka da na kamfanoni, waɗanda ba a biya ko kwabo a kansu ba kuma babu takardar da ta fayyace iyakar amfaninsu? A da, gwajin da bai yi nasara ba asarar yini ce kawai. Yanzu 'yan mintoci na murya mai tsabta sun isa a ƙera wadda za ta maye gurbin mai ita.

Abin da yajin aiki ya samo

Yajin aikin da SAG-AFTRA ta yi daga 14 ga Yuli zuwa 9 ga Nuwamban 2023, kwana 118, ya taɓo batun gwaji kai tsaye. Yarjejeniyar da aka cimma da kamfanonin fim da talabijin ta ce kada rubutun gwajin farko ya wuce shafi 8, a ba mutum aƙalla sa'o'i 48 ya shirya, kuma kada a tilasta masa haddacewa ko sayen kayan aiki na musamman. Wasu mambobi sun so a tafi fiye da haka, suna nuni da wani tsohon sashe na yarjejeniyar da ya tanadi rabin kuɗin yini ga wanda ya yi gwaji ba a ɗauke shi ba, sashen da kusan ba a aiki da shi. Buƙatar ba ta zama ƙa'idar gama-gari ba.

Domin a fahimci dalilin zafin kan, shugabannin ƙungiyar sun ce a wancan lokaci kimanin kashi 86 cikin 100 na mambobinsu ba sa samun dala 26,470 a shekara, wato mafi ƙarancin abin da ake buƙata kafin a shiga inshorar lafiya ta ƙungiyar.

Masu sanya murya a wasannin bidiyo su ma sun yi nasu yajin daga Yulin 2024 zuwa Yunin 2025 a kan kamfanoni irin su Activision da Electronic Arts, suka samu sharaɗin neman izini da biyan kuɗi kafin a yi amfani da kwafin muryar mutum. Jihar Tennessee ta sanya murya cikin abin da doka ke karewa a 2024, California ma ta kafa dokoki biyu makamanta a watan Satumban shekarar.

Sai dai duk wannan kariya ta fi amfanar wanda ke cikin ƙungiya. Kaso mai yawa na aikin murya, kamar darussan horar da ma'aikata da bidiyon kamfanoni da saƙonnin waya, ana yin sa ne a wajen kowace yarjejeniya ta ƙwadago, tsakanin mutum ɗaya da kamfanin da wataƙila yana wata nahiyar. A nan, ƙin yin gwaji kyauta daidai yake da barin sana'ar, tun da akwai wasu a bayansa da za su yi.

Batun bai yi nisa da ƙasar Hausa kamar yadda ake zato ba. A Kano da Kaduna akwai masu cin abinci da tallar rediyo da sanarwar siyasa da fassara finafinan Indiya zuwa Hausa, kuma cinikinsu yawanci da fatar baki ake ƙulla shi. Haka kuma kamfanonin fasaha na neman muryoyin Hausa don koya wa na'urorinsu harshen. Shirin Common Voice na gidauniyar Mozilla, wanda Hausa ke cikinsa, yana karɓar murya ne daga masu sa-kai, kuma ya bayyana tun farko cewa kowa na iya ɗauka ya yi amfani da ita kyauta. Wanda ya bayar a can ya san abin da ya bayar. Wanda aka aiko wa saƙo ta WhatsApp aka ce ya karanta shafi biyu a ji ko muryarsa za ta dace, ba shi da ƙungiya irin ta Amurka, kuma in aka yi shiru bayan ya aika, ba shi da hanyar sanin ko an goge sautin ko an adana shi.