Wai Wace Bindiga Ce Ta Fi Daɗin Ɓoyewa?



Akwai wata hira da ta shigo majalisunmu 'yan watannin nan, kuma sam ba ta kwanta mini ba. Da can in samari sun zauna bayan lisha, gardamarsu ba ta wuce ƙwallo, ko farashin dala, ko wace mota ce ta fi saurin kai mutum Kano. Yanzu kuwa sai ka ji ana ja-in-ja a kan ƙaramar bindiga: wacce ta fi daɗin sokewa a ƙugu, wacce ba ta turo kaftani, libarba ce ta fi ko mai cin harsashi da yawa, ta Bature ko ƙirar maƙera. Wani ya zaro waya ya nuna bidiyon wani Ba'amurke yana gwada Glock a gonarsa, saura su yi ta gyaɗa kai kamar masu zaɓen takalmin sallah. Da a ce yara ne kaɗai, da da sauƙi. Har da masu furfura a ciki, masu shaguna da 'yan canji, waɗanda su ya kamata su tsawatar.

To ga amsata ga mai tambayar wacce zai zaɓa. Kowacce ka ɗauka, kuɗinta ɗaya ne: shekara goma a Kirikiri kai kaɗai, in Allah ya taƙaita. In kuma bai taƙaita ba, dukkanmu za mu biya, har da mai sayar da ruwa a baro wanda bai san ka saye ta ba.

Ba na raina tsoron da ya kawo wannan magana. Ni ma ɗan kasuwa ne. Na san yadda gaba ke faɗuwa in mutum ya fito kafin asuba da kuɗin kaya a jikinsa, na san motocin da ake shiga a tarar duk fasinjojin ɓarayi ne, na kuma san 'yan sanda kan iso bayan an gama share jini. Mai cewa ana cutarmu gaskiya ya faɗa. Inda muka rabu da shi shi ne maganin.

Mu fara da doka, tunda yawancin masu gardamar ba su taɓa tambayar abin da ta ce ba. Dokar makamai ta Najeriya tun 1959 take, kuma ta kasa bindigogi gida uku. Akwai na gargajiya irin su adaka, waɗanda kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininsu. Akwai na farauta na zamani, waɗanda lasisinsu ke hannun Sufeto Janar. Sai kashin farko, haramtattu, inda aka jera igwa, da bam, da mashinga, da bindigar soja. To fistol da libarba a nan aka saka su, layi ɗaya da igwa. Ba mai ba da izininsu sai Shugaban Ƙasa. Ku duba fa, ko gwamnan Legas ba shi da ikon ba ka. Wanda aka kama da ita ba izini, hukuncin da dokar ta yanka ba ya gaza shekara goma. Ko lasisin na farautar ma, a 2023 Sufeto Janar Kayode Egbetokun ya ce an dakatar da bayarwa. Saboda haka duk wanda ya ja ka gefe ya ce yana da hanya, zai haɗa maka da takarda har da hatimi, ƙarya yake yi, ko kuma shi ma an damfare shi.

Kafin ma a kai ga hukunci, akwai zaman jiran shari'a. Kusan kashi biyu cikin uku na mutanen da ke gidajen yarin ƙasar nan ba a yanke musu hukunci ba, jira kawai suke. Kuma wanda aka samu da bindiga a ƙugu da wuya a tsaya a kan laifin mallaka kaɗai. Za a tambaye ka ina ka samo ta, su wa ye abokan aikinka, ina sauran. Bindigar da ake sayarwa a bayan fage tana da tarihi, ba kai ne mijinta na fari ba. Ba ka san gidan wa ta shiga ba, ba ka san ran wa ta ɗauka ba. Ranar da wanda ya sayar maka ya shiga hannu a Panti, sunanka ne zai fara fitowa daga bakinsa, don kai ne baƙon da ba shi da kowa. Fashi da makami kuwa hukuncinsa kisa ne. Yo ina ribar?

Sai su ce ai manya ma sun ce a kare kai. E, sun faɗa. Janar T.Y. Danjuma ya faɗa a Jalingo a 2018. Aminu Masari ya faɗa yana gwamnan Katsina a 2021. Bello Matawalle a watan Yunin 2022 ya ce mutanen Zamfara su nemi lasisin bindiga, kuma ba a jima ba babban hafsan tsaro na lokacin, Janar Lucky Irabor, ya fito ya ce gwamna ba shi da wannan hurumin. Ba zan shiga shari'ar mutumin ƙauye da 'yan bindiga suka kewaye a dajin Zamfara ba, yana garin kakanninsa, maƙwabtansa duk danginsa ne, barikin soja na nesa da shi. Halinsa daban. Amma kai da ke haya a ɗaki ɗaya a Mushin, wace takardar Matawalle za ka nuna wa ɗan sandan da ya tsayar da danfo a Oshodi ya ce kowa ya sauko a laluba shi? Su masu faɗar suna yawo da 'yan rakiya masu kaki. Ba ɗayansu da zai zo ya tsaya maka beli.

Su kuma masu kallon bidiyon Amurka, ku ƙarasa kallon mana. Can tsarin mulkinsu ne ya ba su, akwai shagon sayarwa, akwai filin koyon harbi, akwai takarda. Duk da haka a shekarar 2021 kaɗai mutum fiye da 48,000 bindiga ta kashe a ƙasar, kuma fiye da rabinsu su ne suka harbe kansu da hannunsu. Wannan ba a nuna shi a bidiyon. Ba a kuma nuna muku Philando Castile ba, baƙar fata mai cikakken lasisin yawo da bindiga, wanda a 2016 ɗan sanda ya tsayar da motarsa a jihar Minesota, ya gaya masa da bakinsa cewa yana ɗauke da ita, aka harbe shi nan take a gaban budurwarsa da 'yarta. Kafin shi akwai Amadu Diallo, ɗan tireda daga Gini, irinmu sak, wanda 'yan sandan Niyok suka yi wa harbi 41 a ƙofar gidansa a 1999 don ya sa hannu zai ciro walat. Shi ko bindigar ma ba shi da ita. Zarginta kawai aka yi masa. In a ƙasar da doka ta halatta haka wanda ake yi wa kallon bare ke ƙarewa, ina ga inda ta haramta?

Ba sai mun je Amurka ba ma. A ƙarshen watan Maris na 2025, ana cikin azumi, wasu mafarauta 'yan jihar Kano sun taso daga Fatakwal za su gida sallah. A Uromi ta jihar Edo 'yan banga suka tsayar da motarsu, suka ga bindigogin farauta na gida, aka yi ihun masu garkuwa da mutane. Mutum 16 aka kashe, aka ƙone. Allah ya jiƙansu. Zalunci ne tsantsa, ba su da laifin komai, kuma har gobe muna neman a yi musu adalci. Amma ku lura da abu ɗaya. Waɗannan mutane sana'arsu ke nan, sun san kan bindiga fiye da duk wani mai gardama a majalisarmu, kuma suna da yawa. Bindigogin ba su cece su ba. Su aka ɗaga sama aka nuna wa taro a matsayin hujja. Tun da matsalar garkuwa da mutane ta yi ƙamari, a Kudu ana kallon ɗan Arewa da makami da wani ido dabam, ko mun so ko mun ƙi. Mai hankali da wannan yake lissafi.

Yanzu ga inda maganar ta fi yi mini zafi. Yaran da aka haifa bayan 2002 ba su san abin da unguwar nan ta gani ba, manyan da suka sani kuma kamar sun manta. A farkon Fabrairun waccan shekara, ko mako guda ba a yi ba da fashewar bama-bamai a barikin sojan Ikeja, rikici ya tashi a Idi-Araba tsakaninmu da maƙwabtanmu Yarbawa. Kwana uku ana yi. An yi maganar mutum wajen ɗari da suka mutu, gidaje sun ƙone, mata da yara sun kwana a barikoki, sai da aka jibge soja kafin ƙura ta lafa. Kafin nan an yi na Shagamu a Yulin 1999, wanda da gawarwaki da 'yan gudun hijira suka isa Kano aka huce a kan Yarbawan da ba su ji ba ba su gani ba. An yi na Ketu a Nuwamban shekarar. An yi na Mile 12 a Maris 2016, har Gwamna Ambode ya rufe kasuwa, tumatir da tattasai suka ruɓe a kan motoci. An yi na Shasha a Ibadan a Fabrairun 2021, wanda asalinsa cacar baki ce tsakanin ɗan dako da wata mai shago. Ku bi su ɗaya bayan ɗaya, yawanci daga 'yar ƙaramar hatsaniya wutar ke kamawa, a lokacin da ba bindiga a ƙugun kowa ma. To a ce yau ɗan agbero ya shaƙe wuyan rigar wani yaronmu a kan kuɗin tikiti, kamar yadda ake yi kullum, yaron kuma yana da ita a soke. Abin da da mari zai ƙare, ko a kai ƙara wurin shugaban tasha, sai ya koma gawa. Gawar ɗan gari kuma, da harsashin Bahaushe. Wallahi kafin la'asar ba wanda zai tambayi sunan wanda ya yi harbin. Mai shayi za a tare, da mai gyaran takalmi, da almajirin da aka aika sayen kalanzir. Kai mai bindigar ƙila ka riga ka kama hanyar Ilori.

Ko ɓoyewar da ake ta tinƙaho da ita, a ina? Mutum shida a ɗaki, bayi ɗaya na gida duka, yara na shiga ko'ina suna ɗaga katifa. Sau biyar a rana za ka tsuguna alwala, ka yi ruku'u, ka yi sujada a sahu kafaɗa da kafaɗa. Sirrin da maƙwabcin ɗaki ya sani, unguwa ta sani. Shi kuma ɗan fashi da shirinsa yake zuwa, yatsansa na kan kunama tun kafin ka gan shi, kai kana ƙirga canji. Da can kuɗinka yake so, ya karɓa ya tafi. In ya ga ka kai hannu ƙugu, to ka sauya masa shawara.

Wasu da suka ɗan yi karatu sukan kawo mini hadisin da ya nuna wanda aka kashe wajen kare dukiyarsa ya yi shahada. Hadisi ne ingantacce, ba mai musu. Amma a haɗa da 'yan'uwansa mana. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana mutum ya nuna ɗan'uwansa da makami ko da wasa, saboda Shaiɗan na iya fizgar hannu. Ya umarci mai wucewa ta masallaci ko kasuwa da kibau ya damƙe tsininsu kada ya ji wa wani. Kibiya ke nan fa, wadda sai an ɗana an ja. Malamanmu na Malikiyya kuma sun karantar da cewa ko ɗan fashi ne, in da hali a fara yi masa magiya da Allah, a tunkuɗe shi da mafi sauƙin abin da zai tunkuɗe shi. Kuma ƙa'ida ce sananniya a fiƙihu cewa kawar da ɓarna ake gabatarwa a kan jawo amfani. Halalcin kare kanka bai ba ka izinin jefa unguwa guda cikin wuta ba, kuma ni ban san malamin kirkin da zai ba ka wannan fatawa ba.

To me za a yi? Abin da ɓarawo ke bi shi ne tsabar kuɗi. Wahalar canjin naira ta 2023 ta gasa mu, amma ta koya wa har mai albasa karɓar tiransifa. Dillalin da har yanzu ke ɗaure miliyoyi a cikinsa daga Oko-Oba zuwa gida don kada banki ya san abin da ya mallaka, shi ya gayyato su. A buɗe asusu. A sa fitila a lunguna, a gyara ƙofofin layi, a ɗauki masu gadi da sanin DPO, a riƙa biyansu a kan lokaci. Kwamitin hulɗar 'yan sanda da jama'a yana zama, ƙungiyar ci gaban unguwa tana zama, Yarbawa da Inyamurai na halarta, mu kuwa sai mu ce ba mu da lokaci, sai an kama yaronmu mu fara neman lambar waya. Kuɗin bindiga ɗaya, in masu shaguna goma suka haɗa irinsa, ya isa a riƙe lauyan da za a kira ko da tsakar dare.

Sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa, da girmamawa nake faɗa, Allah ya ja zamaninku: rawanin nan ba na ɗaurin aure da tarbar 'yan siyasa ba ne kawai. Kun san dillalan da ke yawo da wannan haja a tsakanin yaranmu, ko kuna iya sani in kun so. Ku kira su. Ku zauna da baale da shugabannin tasha tun ana zaman lafiya, kada sai hayaƙi ya tashi. Limamai 'yan'uwana, a ba abin huɗuba guda.

Wanda kuma ya riga ya saya, kada ya jefa ta a kwata yaro ya tsinta, kada ya sayar wa wani ya ƙara gaba da ita. Ya sami lauya tukuna, su je wurin sarki tare, a san yadda za a miƙa ta ga hukuma. Kafin nan, don Allah kada ya shigo mana masallaci da ita.