Zona ba abin kunya ba ce, bakinmu ne ke hana mutane zuwa likita

Jama'a, ya kamata mu gaya wa kanmu gaskiya. Da ƙuraje masu ruwa sun feso wa mutum a haƙarƙari ko goshi, gefe guda, suna zafi kamar an ɗora garwashi, sai ka ji an yanke hukunci a fada da foyandi: "Ai wane sida gare shi." To wa ya auna shi? Mu?

Wannan ciwo da lokotoro ke kira zona, ƙwayar ƙarambau ce da muka yi muna yara. Tana laɓewa cikin jijiya shekara da shekaru, in garkuwar jiki ta yi rauni sai ta farka. Tsufa na tayar da ita, ciwon suga da maganin kansa ma haka. Sida ma na tayar da ita, ba mu musu ba. Ga wanda cutar ta ci ƙarfinsa, CD4 ɗinsa ya sauka ƙasa da 200, zona kan bazu a jiki, ta tafi ta dawo, in ta kama ido tana iya makantar da shi.

Shi kuwa maganin, aciclovir, ya fi aiki in an fara shi cikin awa 72 da fitowar ƙurajen. Kwana uku kacal! Amma saboda tsoron bakinmu, sai mutum ya kulle kansa a ɗaka, ana shafa mai toka da baƙin mai, ana sayo ƙwayoyin ƴan talla. Kafin ya isa CSI, gyambo ya ruɓe, ga zogin jijiya da kan yi watanni bai saki mutum ba. Alhakin wa?

Ƴan uwa, in zona ta fito wa saurayi ko mace mai ƙuruciya, a je likita ranar, a kuma yarda a yi awon sida. Ɗigon jini ne a yatsa, sakamako cikin ƴan mintoci, kuma sirri ne. In babu, alhamdu lillahi. In akwai, maganin ARV kyauta ne a Nijar, masu shan sa kullum suna noma, suna kasuwa, suna aure. A rufe ƙurajen da tsumma mai tsabta, a nisanta jarirai da masu ciki da ba su taɓa ƙarambau ba.

Mu kuwa masu shayi, in ba za mu ɗauki maƙwabcinmu a babur mu kai shi likita ba, to don Allah mu kama bakinmu. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.