Zuwa ga maɗora da wanzaman Giyawa: ciwon ƙugu mai sauka ƙafa



Daga Giyawa har Wurno da Rabah, wurinku ake fara kawo mai ciwon baya kafin a yi zancen motar Sakkwato. Ga manomin rani nan ya sunkuya zai ɗaga injin ban-ruwa ko buhun albasa a fadamar Rima, sai ƙugu ya riƙe. Kwana biyu, zafi ya bi ɗuwawu ya gangara har yatsan ƙafa, ƙafar tana mutuwa.

Babu karaya a nan, babu abin ɗori. Tsakanin gaɓoɓin ƙashin baya akwai guringuntsi mai taushin ciki; shi ya tsage, cikinsa ya ɓullo ya danne jijiyar ƙafa, galibi a gaɓoɓi biyun ƙasa. Hannu ba ya kaiwa can, ƙaho kuma fata yake ja. Don Allah a bar taka bayan mutum ko murɗe shi da sunan mayar da ƙashi.

Yawancin masu wannan ciwo kan samu sauƙi cikin mako 6 zuwa 12 ba tiyata, kuma doguwar kwanciya ba ta taimakonsu. Kada ku kwantar da mai ciwon fiye da kwana biyu. Ya riƙa takawa kaɗan-kaɗan, yau ƙofar gida, gobe masallaci. Ya kwanta rub da ciki a tabarma, ya dogara da gwiwar hannu, ya ɗan ɗaga ƙirji, ƙugu na ƙasa. Ku tambaye shi ina zafin ya nufa. In yana janyewa daga ƙafa zuwa baya, ya ci gaba; in ƙara gangarawa yake, ya tsaya. Da sanyin safiya kada ya sunkuya, lokacin guringuntsin a cike yake. Ruku'u ya gagara? Ya yi salla a zaune. Doguwar tafiya a babur ta jira tukuna. Ranar da ya koma gona, ya tsuguna da gwiwa, ya rungumi kayan a jikinsa, sannan ya miƙe.

Amma wanda fitsari ya ƙi fita ko yake zuba bai sani ba, ko tsakanin cinyoyinsa ya mutu, ko yake jan ƙafa, kada ya kwana a zaurenku. A ranar za a kai shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Mai ciwon baya da rama da zufar dare shi ma asibiti za shi, domin tarin fuka yana cin ƙashin baya.